Awo Kafin Yanka

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Tela, ba soyayya ce ta kai ta ba, hannun riga ne.

Farar rigar aiki ce da ta dawo da ita daga ƙasar da ta yi shekara shida tana karatun haɗa magunguna. Mutanen can dogaye ne, rigar ma ta ɗauko halinsu, hannun rigar ya haɗiye mata yatsu gaba ɗaya. Ta ajiye ta a kan teburin yanka, idonta na kan takardun da ta rungumo.

"A rage hannu, a rage tsawo. Yaushe zan karɓa?"

Tela ya tsayar da keke ya ɗago kai. Saurayi ne mai sanyin magana, tef a wuya, alli a bayan kunne. Ya dubi rigar, ya dubi mai rigar, kallo na biyun kuwa ya fi na farko daɗewa.

"Da wane hannu kike rubutu?"

"Hagu. Me ya haɗa wannan da rage riga?"

"A tsaye kike aiki ko a zaune? Me kike sawa a aljihu?"

Auta ta sauke takardun, ta dube shi sosai a karo na farko. "Malam, ɗinki na kawo, ba neman aiki na zo ba."

"Haka ne," ya ce yana murmushi. "Amma almakashi ba ya cewa a yi haƙuri. Abin da ya yanka ya yanku. Shi ya sa nake tambaya tukuna."

Ta amsa masa a gajarce, ta fita tana mita a ranta. Bayan kwana uku da ta dawo, ta tarar ya mayar da aljihun biro ɓangaren dama don hannun hagu ya same shi ba wahala, ya ƙara wani ƙarami a ciki daidai girman katunan da take haddace magunguna da su. Ba ta ce masa ya yi ba. Gani ya yi tana ta juya katunan a hannu.

Ta sa rigar a kan kayanta ta tsaya gaban madubi. Tun da ta dawo gida, babu abin da ya zauna mata daidai sai wannan rigar, har ta ji hawaye na neman kunyata ta.

"Wace jarrabawa ce ke hana ki kallon mutane?" ya tambaya.

Ita da ba ta son tambaya, sai ga ta zaune a kan bencin masu jira tana ba shi labari. Duk wanda ya yi karatun magani a waje, sai ya ci jarrabawar hukuma kafin a ba shi lasisin aiki. Ta rubutu ta cinye ta tun zama na farko. Ta baki ce ta zame mata ƙarfen ƙafa: a kawo mutum ya yi kamar mara lafiya, ya miƙo takardar likita, malamai uku suna zaune suna kallon yadda za a sallame shi. Sau biyu tana faɗuwa. Sau uku kaɗai ake yarda mutum ya gwada, in ya sake faɗuwa sai ya koma aji shekara biyu.

"Kuma na faɗa musu komai," ta ce. "Yadda ake sha, sau uku a rana, bayan cin abinci, illolinsa, har yadda yake fita daga jiki. Sai su rubuta wai bayanina ya cika amma mara lafiyar bai tsira ba."

"Saura wata nawa?"

"Biyu."

"To ga mara lafiya kin samu," ya ce yana nuna kansa. "Kullum bayan la'asar ina da ciwo."

Tun daga ranar ya raɗa mata suna Sau-Uku.

Haka shagon ɗinki ya koma kemis na awa ɗaya kowace yamma. Teburin yanka ne kanta, kwalayen maɓalli su ne magunguna. Yayar Auta ce ke rako ta, ta zauna a ƙofa tana zaɓen leshin da ba za ta saya ba, kunnenta kuwa duk yana ciki. Tela ya ɗaura tsumma a ka ya zama mai ciwon haƙori, gobe ya dafa ƙugu ya zama tsoho, Auta tana zuba masa bayani kamar rediyo, dariya na katse ta.

Da ta koma gida kuma sai saƙo ya biyo ta.

"Sau-Uku, maganin da kika ba ni bai yi aiki ba. Ina ganin sai an ƙara: ganinki sau uku a rana, kafin abinci da bayan abinci."

"Wannan ya wuce ƙa'ida, Mai Almakashi. Illarsa ita ce ɗinkin mutane zai makara."

"Ya riga ya makara. Yau na ɗinka wa wando aljihu a gwiwa."

A mako na biyu ne ya daina wasa. Ya yafa mayafi, ya ranƙwafa, ya ce yau shi Innarsa ce, gwiwa ke damunta. Auta ta ɗauko kwalin maɓalli ta ce ga maganin ciwon gaɓoɓi, ta jero bayani tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Da ta gama, ya cire mayafin ya ajiye gefe, fuskarsa ba wasa.

"Na yi kuskure ne?"

"Ni ban san magani ba," ya ce. "Amma Inna tana shan maganin tsinka jini tun bara. Likita ya ja mata kunne a kan irin wannan na gwiwar, ya ce in ta haɗa su jini zai iya ɓalle mata a ciki."

"Ai ba ka faɗa mini tana sha ba."

"Ba ki tambaye ni ba, Sau-Uku. Mako biyu ke nan ina ciwo a gabanki, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni komai ba."

Auta ta zauna a hankali a kan benci. A can inda ta yi karatu, da mutum ya miƙo katinsa kwamfuta ke fito da duk maganin da ya taɓa sha tun yana yaro. Shekara shida tana kallon allo, ba ta taɓa bukatar kallon fuska ba. A nan kuwa tarihin mara lafiya a bakinsa yake, ko a cikin ledar da ya ƙulle ya bari a gida. Ashe abin da malaman nan uku suke jira ke nan, ita kuma duk faɗuwa sai ta koma ta ƙara hadda.

Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, hawaye na bin yatsunta. "Tela ne zai koya mini aikina."

"Awo kafin yanka," ya ce. "Shi kaɗai na iya."

Yaya daga ƙofa ta ce, "Ni dai na ga alamar an gama awon nan tuni."

Zancen duniya ba ya ɓuya. Baba, tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya amma muryar ba ta yi ba, ya ji labarin inda autarsa take yini. Ya kira ta falo, Umma na gefe tana ninke kayan wanki da suka riga suka ninku.

"Shekara shida ina ƙirga miki kwana a ƙasar mutane," ya ce. "Saura mako shida, dama ta ƙarshe, sai ki koma wasan 'yar tsana da mai ɗinki?"

"Baba, karatu muke yi."

"Karatun magani a wurin tela. To, ba a gidana ba. Babu zancen kowa sai na ga lasisi a hannunki. In atisaye kike so, ga Mai Kemis ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ƙwarya ai ƙwarya take bi."

Mai Kemis mutum ne mai shaguna uku da mota mai sheƙi, sai dai bangon shagunan babu lasisi nasa na kansa, na aro yake ratayawa. Tun da ya ji Auta ta dawo ya zama ɗan gida. Ya gaida Baba da safe, ya gaishe shi da yamma, ba ya zuwa hannu rabbana. In ya dubi Auta, sai ta ji kamar yana auna inda zai kafa ƙusa ne.

Ba ta iya yi wa Baba musu ba. Ta rubuta wa Tela: "Baba ya hana ni zuwa sai bayan jarrabawa. Ka yi haƙuri da ni." Kunya ta hana ta ƙara sauran, cewa a shagon Mai Kemis za ta riƙa yini.

Shi kuwa Tela ya amsa da "Umarnin Baba a kan kaina," ya ci gaba da taka keke ba daɗi. Ran nan ya fita sayen zare, hanya ta bi da shi ta gaban babban kemis ɗin. Ta cikin gilashi ya hango Auta a bayan kanta, sanye da rigar da ya gyara da hannunsa, Mai Kemis na tsaye kusa da ita yana washe baki kamar gonar auduga. Tela ya koma shago ba zare.

Kwana huɗu ba saƙo. A na biyar Auta ta kasa daurewa, ta tura masa saƙo.

"Mara lafiyata ya warke ne, ko ya canza kemis?"

"Na ga rigar ta sami shagon da ya dace da ita. Allah ya sanya alheri."

Auta ta karanta sau uku, kamar sunanta. Ranta ya ɓaci, sai kuma dariya ta zo ta ture ɓacin ran.

"Kai mai tambayar mutum da wane hannu yake rubutu, ka ga abu ta gilashi ka yanke ba awo?"

Minti ɗaya, biyu, sai ga amsa: "Na yi yankan ganganci. Ina tambaya yanzu: me kike yi a can?"

"Umarnin Baba. Ina ƙirga ƙwayoyi, ina ƙirga kwanakin da suka rage in ga mai allin bayan kunne."

"Allin ya faɗi ƙasa don murna. Ki yi karatu, Sau-Uku, ina nan inda kika bar ni."

Saura mako biyu jarrabawa, Baba ya fara jiri. In ya tashi daga kujera sai ya dafa bango, ya ce tsufa ne. Umma ta ce yawan karanta jarida ne. Wata safiya yana miƙewa daga karin kumallo ƙafafunsa suka ƙi shi, ya zube a kan kujera, kofin shayi ya tarwatse a ƙasa.

Da a ce Autar da can ce, da ta tsaya ta jero masa dalilai goma sha biyu da ke kawo jiri. Wannan kuwa ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa.

"Baba, yaushe abin ya fara?"

"Kwana goma, ko fiye."

"Me ya canza a kwana goman nan? Me kake sha?"

"Na hawan jinin da likita ya rubuta, kin sani ai."

"Shi kaɗai? Ko na bature, ko na gida, ko wanda wani ya ba ka. Ina so in ga duka da idona."

Baba ya ce wa Umma ta ɗauko masa leda a aljihun babbar rigarsa. Kwali biyu ne a ciki. Fari na asibiti, da wani ja mai ruwan zinariya.

"Wannan Mai Kemis ne ya kawo mini. Ya ji ina da hawan jini, ya ce na waje ne, yana ƙarfafa zuciya."

"Ya tambaye ka me kake sha kafin ya ba ka?"

"A'a. Kyauta ce ai."

Auta ta juya kwalayen, ta nuna masa ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban suna. Baba ya gyara tabarau ya karanta na farko, ya karanta na biyu. Kalma ɗaya ce. Magani ɗaya ne a riga biyu, kamfani ne kawai ya bambanta, kwana goma ke nan yana shan ninki, jininsa na sauka fiye da kima.

Ta auna jininsa, ta kira likitansa a waya, suka kai shi aka duba. Kafin kwana uku Baba ya koma taka ƙasa da ƙarfi yana gyara wa mai karanta labarai nahawu.

Da yamma ya kira ta. "A can aka koya miki wannan binciken ƙwaƙwaf ɗin?"

"A'a, Baba. A shagon ɗinki."

Baba ya naɗe jarida, ya buɗe, ya sake naɗewa. Mai Kemis kuwa da ya zo gaisuwa washegari, a tsaye aka amsa masa, jan kwalin na kan tebur tsakaninsu. Daga ranar gaisuwar ta koma ta waya, daga baya wayar ma ta huta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Safiyar jarrabawa, Auta na zaune a dogon baranda tare da wasu masu fararen riguna, kowa na motsa baki shi kaɗai. Wayarta ta yi ƙara kafin a karɓe wayoyi. Saƙon Tela ne.

"Ki sa hannu a ƙaramin aljihu, ki juya bakinsa. Tun ranar farko yake nan."

Ta juya. Da farin zare a kan farin yadi, inda ba mai gani sai mai nema, an ɗinka kalma biyu: Tambaya tukuna.

Aka kira lambarta. Malamai uku a bayan tebur, fuska ba yabo ba fallasa. Wata dattijuwa ta shigo tana tari, ta miƙo takardar likita, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na kwana bakwai. Auta ta san shi kamar yunwar cikinta, bayanin har ya taso mata a maƙogwaro. Ta haɗiye shi.

"Sannu, Mama. Zauna tukuna. Akwai wani magani da kike sha yanzu?"

"Babu, 'yar nan."

"Kin taɓa shan wani magani ya ɓata miki jiki?"

Dattijuwar ta yi kamar tana tunani. "To, shekarun baya an ba ni wani mai kala biyu saboda haƙori. Jikina ya yi ruɗu-ruɗu, leɓena ya kumbura, har numfashi ya so ya gagare ni. Amma ai an daɗe."

Auta ta ƙara tambaya biyu, ta tabbatar dangin maganin da ke takardar ne. Ta ajiye kwalin a gefe.

"Mama, ba zan ba ki wannan ba, zai iya yi miki abin da wancan ya yi, ko fiye. Bari in kira likitan ya canza miki wani. Ba za ki daɗe ba."

Malamar da ke tsakiya ta rubuta wani abu, ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "Shi ke nan, kina iya tafiya."

Ta fito tana tunanin ta sake faɗuwa. Jarrabawar ba da magani, ga shi ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya ba.

Kwana tara aka yi ana jira, Umma na addu'a, Yaya na leƙa waya fiye da mai wayar. Ran na goma da hantsi sakamako ya fito. Auta ta karanta, ta miƙa wa Baba, ta faɗa jikin Umma tana kuka. Baba ya karanta a bayyane tun daga kan takarda har sa hannu, kamar yana gaban taron ɗalibai, muryarsa na rawa a wurin kalmar "ta ci".

Saƙon da ta tura wa Tela gajere ne: "Mara lafiyar ta tsira."

"Alhamdu lillahi. Saura ni."

Bai san maganinsa na hanya ba. Bayan la'asar yana guga, sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Baba ne da kansa, da yadi fari ƙal a hammata. Tela ya ajiye dutsen guga ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi. An ce kai ne mai tambaya. Riga nake so."

Tela ya miƙe ya ciro tef daga wuya. Sana'a dai sana'a ce, bakin ya kama aikinsa.

"Baba, ta zaman gida ce ko ta fita?"

"Ta taro."

"A tsaye za a daɗe ko a zaune?"

"A zaune, sannan a tashi a yi ta gaisawa da jama'a."

"Wane irin taro ne, Baba?"

"Ɗaurin aure."

Tela ya rubuta a littafin awo, ya ɗago kai. "Na wa?"

Baba ya dube shi ta saman tabarau, gefen bakinsa na motsi. "Naka, in ka gama tambayoyin. Ka turo manyanka."

Tef ɗin ya zame daga hannun Tela. Wanda aka san shi da tambaya, ranar ko "na'am" sai da Baba ya maimaita masa maganar kafin ta fito.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Inna ta manta da gwiwa ta yi ta kai da kawo, Yaya ta sayi leshin nan a ƙarshe, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa a gabanta aka yi awon farko. Rigar Baba ta zauna masa ɗas, da aljihu na musamman daidai girman kwalin magani guda ɗaya tak.

Da zai sallame su, ya ɗora hannu a kan autarsa, ya dubi angon.

"Na kai ta nesa neman ilimi, ashe cikonsa na bayan layinmu. Abin da ya haɗa ku kada ku sake shi. In ɗayanku ya ga abin da bai gane ba, ya tambaya kafin ya yanke. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Aka shafa, Umma na share ido da gefen mayafi.

A sabon ɗakinsu, lasisin Auta na rataye a bango cikin gilashi, farar rigar na kusa da shi a jikin ƙusa. Tela ya tsaya yana kallonsu, sannan ya juyo.

"Sau-Uku, tambaya ɗaya ta rage mini. Wannan maganin, kwana nawa zan yi ina sha?"

Ta cire allin da ya manta a bayan kunnensa har ranar aurensa, ta riƙe a tafin hannunta.

"Ba irin na kwana bakwai ba ne, Mai Almakashi," ta ce. "Wannan ba a dainawa."